Daga Ina Aka Sauko da Ita? Sharhi kan Manhajar da ke Mutuwa Tun a Bakin Ƙofa

Duk wanda ya daɗe yana aiki da kwamfuta ko babbar waya ya san wannan ɓacin ran: a danna manhaja, tambarinta ya bayyana na ƙiftawar ido, sai ta ɓace kamar ba a taɓa ta ba. Wani lokaci takan bar ɗan saƙo mai cike da lambobi, wani lokaci ko uffan ba ta cewa. Abin da yawancin mutane ke yi daga nan kusan iri ɗaya ne. A goge ta a sake ɗorawa, in ta ƙi a nemo wata daga wani wurin, in ta sake ƙi a kai wa mai gyara ya yi wa na'urar fomatin ko fulashin gaba ɗaya. Sau da yawa hakan na aiki, shi ya sa al'adar ta zauna da gindinta, amma yana aiki ne ba tare da kowa ya san abin da ya lalace ba, don haka bayan wata biyu ko uku ciwon yakan dawo, ga kuma hotuna da takardun da suka salwanta a wajen gyaran. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, manhajar da ta mutu tun a bakin ƙofa ba kasafai laifin ke zama nata ita kaɗai ba. Galibi saɓani ne ya shiga tsakaninta da na'urar da aka ɗora ta a kai, kuma wanda ya harhaɗa ta ya miƙo maka shi ke da alhakin hana wannan saɓanin. Saboda haka gyaran manhaja da zaɓen inda za a sauko da ita magana ɗaya ce, ko da yake an saba raba su gida biyu.

A cikin daƙiƙar farko bayan an danna, manhaja ba ta ma fara aikinta ba tukuna. Babbar manhajar na'ura, wato Windows ko Linux ko Android, ita ke ɗauko fayil ɗin ta shimfiɗa shi a ƙwaƙwalwa, sannan ta duba jerin abubuwan da ya ce ba zai tashi ba sai da su. Da wuya ka samu manhajar da ke ɗauke da komai nata. Zana taga, fitar da haruffa, buɗe hoto, magana da intanet, duk arowa ake yi daga wasu ƙananan fayiloli da manhajoji da yawa ke tarayya a kansu, waɗanda a Windows sunansu ke ƙarewa da dll, a Linux kuma da so. Bari mu kira su tubalan aro. In an tattaro su, sai manhajar ta karanta saitin da mai ita ya bari a baya, ta tuntuɓi direban da ke kula da hoton allo, wasu kuma su leƙa manyan kwamfutocin kamfaninsu ta intanet. Kowane mataki a nan zato ne da marubucin manhajar ya yi game da na'urar da bai taɓa gani ba. Idan manhaja ta faɗi a tsakiyar aiki, mai yiwuwa kuskure ne a lissafinta. Idan ta faɗi tun a farko, mafi rinjaye ɗaya daga cikin abubuwan da ya zata ne bai tabbata ba. Kuma wannan sauƙi ne ga mai bincike, domin abubuwan ba su da yawa, ana iya bin su ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya fi yawan faruwa shi ne a nemi tubali a rasa, ko a samu wanda ba shi ake nufi ba. Mai Windows da ya ga saƙon cewa babu VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll, abin da ake gaya masa shi ne an gina manhajar da kayan aikin Visual C++ na Microsoft, kuma ƙunshin tubalan da ke tafiya da su ba ya kan kwamfutarsa. Microsoft na ba da ƙunshin nan kyauta, ɗauko shi daga wurinta kawai ya isa. Sai dai mutane da dama sukan rubuta sunan fayil ɗin a Google, su faɗa wuraren da ke raba dll ɗai-ɗai, su ɗauko su cusa shi cikin tsarin, ba su san wanda ya ajiye shi ba, ba su san ko na bit 32 ne ko na bit 64 ba. Daga nan saƙon yakan koma 0xc000007b, wanda sau da yawa alama ce ta an cakuɗa nau'o'in biyu, gyaran ya zama na gangar Auzinawa. A Linux, tubalin da kusan kowace manhaja ke dogara da shi shi ne glibc, kuma yana da wata ɗabi'a da ya kamata a riƙe: abin da aka gina a kan tsohuwar sigarsa yana tashi a kan sabuwa, amma abin da aka gina a kan sabuwa ba ya tashi a kan tsohuwa. Ubuntu 20.04 na ɗauke da siga ta 2.31, Ubuntu 22.04 kuma 2.35. Wanda ya ɗauko fayil ɗin da aka gina a kan ta biyun ya kai ta farkon zai iya ganin an ce ba a samu GLIBC_2.34 ba, kuma ko sau nawa ya goge ya sake ɗorawa amsar ba za ta sauya ba. Umarnin ldd tare da sunan fayil yana lissafa tubalan da ake nema, ya nuna wanda ya ɓace.

Akwai kuma saɓanin da ke tsakanin manhaja da ƙarfen na'urar kansa, kuma wannan ya fi shafar masu amfani da kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Turai. Intel ta fara saka wasu umarnin lissafi da ake kira AVX a furosesarta a 2011, amma ta daɗe bayan haka tana fitar da masu araha irin Celeron da Pentium ba tare da su ba. Manhajar da aka gina da zaton suna nan, kamar MongoDB daga siga ta 5.0, tana isa kan irin wannan umarni sai ta faɗi nan take, domin furosesar ba ta san shi ba. A waya kuwa lamarin ya fi wannan yaɗuwa, ko da yake ba a cika gane shi ba. Tun daga watan Agusta na 2021, Google ya wajabta wa sababbin manhajoji a Play Store wani tsari da ke yanka manhaja gida-gida: babban sashe ɗaya, sashe na nau'in furosesa, sashe na girman allo, sashe na harshe. Kowace waya tana karɓar sassan da suka dace da ita ne kawai. To idan aboki ya turo maka manhaja ta Xender, akwai yiwuwar babban sashen kaɗai ya iso, ko kuma a haɗo da sashen da aka yanka wa furosesar wayarsa, alhali taka wani nau'i ce daban, musamman ƙananan wayoyin da ke tafiya a kan bit 32. Wani lokaci ta ƙi hawa, wani lokaci ta hau lafiya, tambarinta ya fito, ana dannawa ta rufe. Abokin bai cuce ka ba, a wayarsa tana aiki. Abin da ya miƙo maka ne ba a yi shi don wayarka ba.

Ga waɗanda tubalansu suka cika, abu na gaba shi ne saiti. A nan ne ake gane dalilin da ya sa gogewa da sake ɗorawa kan zama aikin banza: cire manhaja a kwamfuta yawanci ba ya taɓa saitin mai amfani, wanda ke ɓoye a AppData a Windows, ko a .config da ke cikin gidan fayilolin mutum a Linux. Idan wuta ta ɗauke, ko batirin da ya tsufa ya yanke, a daidai lokacin da manhaja ke rubuta saitinta, fayil ɗin na iya zama rabi, sabuwar manhajar kuma za ta zo ta tarar da shi ta yi tuntuɓe a inda tsohuwar ta yi. Gwajin ba shi da wuya. A sauya wa jakar saitin suna, kada a goge ta, a sake buɗe manhajar. Ko a buɗe sabon asusun mai amfani a kwamfutar a gwada a can. In ta tashi, an san inda ciwon yake, kuma ba a yi asarar komai ba. Manyan manhajoji ma sun tanadi hanyar buɗe su a tuɓe, ba tare da ƙarin kayan da aka maƙala musu ba: a Windows, riƙe maɓallin Shift lokacin buɗe Firefox, ko Ctrl lokacin buɗe Word. Direban hoto kuwa, alamarsa ita ce taga ta fito fari fat ko baƙi ƙirin kafin ta rufe, kuma yawanci bayan wata sabuntawa ne.

Duk waɗannan gwaje-gwaje suna buƙatar abu biyu da gaggawa ke hanawa: a karanta abin da manhajar ta faɗa, kuma a tambayi me ya sauya tun ranar da ta yi aiki na ƙarshe. Manhajar da ake ganin ta mutu shiru, yawanci ta yi magana, wurin da ta yi ne ba a duba ba. A Linux, in aka buɗe ta daga tagar umarni maimakon danna tambari, za ta rubuta kukanta a fili, umarnin journalctl kuma na nuna kundin abin da ya gudana. A Windows, Event Viewer yana ambaton sunan fayil ɗin da faɗuwar ta auku a cikinsa, kuma idan sunan na direba ne ko na wata manhajar kashe bairos, an riga an rage rabin aiki. Tambayar abin da ya sauya kuma wani lokaci tana kai mutum ga gane cewa matsalar ba a hannunsa take ba sam. Ranar 22 ga Maris 2021, Gmail da manhajoji masu yawa sun riƙa rufewa da zarar an buɗe su a wayoyin Android a duniya, saboda wata sabuntawa mai aibi a tubalin Android System WebView. Maganin shi ne a janye sabuntawar ko a jira gyaran da Google ya fitar cikin sa'o'i. A watannin Mayu da Yuli na 2020, Spotify da Pinterest da wasu sun yi irin wannan a iPhone, domin wani sauyi da Facebook ya yi a manyan kwamfutocinsa ya rikita ɗan tubalinsa da ke cikinsu. Wanda ya yi wa wayarsa fulashin a waɗannan ranakun ya zubar da kayansa ne a kan ciwon da ba nasa ba.

Idan aka lura, kowace daga cikin tambayoyin nan tana komawa ga mutum ɗaya: wanda ya ɗauki rubutun manhajar ya gina shi, ya ƙunshe shi, ya ce ga shi ya dace da irin na'urarka. Malaman hadisi sun daɗe da rarrabe sharuɗɗa biyu ga mai ruwaya, cewa ya zama adali ba maƙaryaci ba, kuma ya zama mai kiyaye abin da ya ji ba mai ruɗewa ba, sannan sarkar ta haɗu ba yankewa. Haka ya kamata a auna inda ake ɗauko manhaja. Mutane sun fi damuwa da sharaɗin farko, wato ko akwai bairos, amma na biyun shi ke haddasa mafi yawan faɗuwa a bakin ƙofa. Aikin rumbun manhajoji irin na Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, kusan duka a kan wannan sharaɗi na biyu yake. Ƙunshi sama da 60,000 ne a cikinsa, an gina su a kan tubala iri ɗaya, kowanne ɗauke da rubutaccen bayanin abin da yake buƙata da abin da ba ya jituwa da shi. Sabon ƙunshi yana fara zama a sashen da ba a tabbatar da shi ba, sai ya yi kwanaki ba a samu babban aibi ba ya wuce sashen gwaji, sannan watanni kafin a fitar da sabon bugu a dakatar da sauye-sauye a koma gyara kawai. A ƙarshe ana buga wa jerin ƙunshin hatimi na lissafi wanda apt, manhajar da ke ɗora ƙunshi a Debian, ke dubawa kafin ya ɗora komai. Wanda ya ɗauko manhaja daga nan, an riga an yi masa binciken tubalan tun kafin ya danna.

Wannan ne ya sa cakuɗa rumbuna ke da haɗari fiye da yadda ake zato. Mutum yana son sabuwar sigar manhaja ɗaya, sai ya ƙara rumbun wani, irin wanda ake kira PPA a Ubuntu, ko ya jawo ƙunshi daga sashen gwaji zuwa tabbataccen bugu. Sabuwar sigar tana son sabon tubali, apt ya ɗauko mata, tubalin kuma na tarayya ne, sai wata manhajar da ba a taɓa ba ta wayi gari ba ta buɗewa. Mutanen Debian da kansu suna gargaɗi a kan haka, har sun yi wa irin wannan tsari laƙabi da FrankenDebian. Masu rubuta Python ma sun sha wannan wahalar: amfani da pip, mai ɗora ƙunshin Python, da ikon mai gida yakan danne tubalan da tsarin kansa ke dogara da su, abin da ya sa daga Debian 12 da Ubuntu 23.04 aka toshe hanyar, aka tilasta wa kowa ya keɓe wa aikinsa wuri na daban. Wasu sun ji haushin toshewar, amma ni ina ganin daidai ne.

Ƙorafi na farko da za a yi wa wannan ra'ayi ƙaƙƙarfa ne, kuma gaskiya ne: kayan rumbun hukuma tsofaffi ne. Debian na fitar da tabbataccen bugu kusan duk shekara biyu, na 12 a Yunin 2023, na 13 a Agustan 2025. Ubuntu mai dogon tallafi ma duk shekara biyu ne, a watan Afrilu. Mai aikin tace bidiyo ko mai sabuwar na'urar da tsohon direba bai san ta ba yana da haƙƙin ya ce ba zai jira ba, kuma akwai lokacin da faɗuwar manhaja aibi ne da marubutanta suka gyara tuntuni, gyaran bai iso ba. Amma jinkirin nan ba sakaci ba ne, kuma abin da ya faru da xz ya nuna amfaninsa. Ƙaramar manhaja ce ta matse fayiloli, tana cikin kusan kowane Linux, mutum ɗaya mai suna Lasse Collin ya daɗe yana kula da ita a matsayin sa-kai. Wani da ya kira kansa Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana taimakawa har aka amince masa, sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a siga ta 5.6.0 da 5.6.1 a farkon 2024, wadda za ta iya ba shi damar shiga kwamfutoci ta SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa. Ranar 29 ga Maris 2024, Andres Freund, injiniya a Microsoft da ke aiki a kan PostgreSQL, ya fallasa lamarin bayan ya lura cewa shiga ta SSH na cin lokaci fiye da kima, kimanin rabin daƙiƙa, ya ƙi kau da kai har ya gano tushen. A lokacin, gubar ta riga ta shiga sassan gwaji na Debian da Fedora da wasu rumbuna masu saurin sabuntawa, amma ba ta kai tabbataccen Debian 12 ko Ubuntu 22.04 ba, domin su suna kan tsohuwar siga. Waɗanda suka yarda su zauna a baya kaɗan su ne abin bai taɓa ba.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko zafi: ai hanyoyin hukuma ma suna kawo ɓarna. Wannan ma ba abin musu ba ne. A 2006 wani mai kula da ƙunshi a Debian ya cire wasu layuka daga OpenSSL, tubalin sirranta bayanai, da niyyar gyara, sai ya karya hanyar samar da makullan sirri, adadin makullan da za su iya fitowa ya koma bai wuce 32,768 ba ga kowane nau'i, kuma ba a gano ba sai a Mayun 2008, lokacin da Luciano Bello ya bankaɗo shi. Ranar 20 ga Fabrairu 2016 an kutsa shafin Linux Mint aka karkatar da masu saukewa zuwa gurɓataccen faifai. A 2017 CCleaner 5.33 ya fita ɗauke da guba da kuma ingantaccen hatimin kamfaninsa, ya shiga kwamfutoci kimanin miliyan 2.27. Mafi girman faɗuwa a bakin ƙofa kuwa ita ce ta 19 ga Yuli 2024, da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura ƙaramin fayil mai aibi ga abokan cinikinsa gaba ɗaya a lokaci guda. Microsoft ta ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 ne suka kasa tashi, jiragen sama suka tsaya, asibitoci da bankuna suka rikice. Sarkar a nan ba ta yanke ba, mai ruwayar ma ba maƙaryaci ba ne, kiyayewa ce ta gaza. Amma a dubi abin da ya biyo baya a kowanne. An san sigar da ta lalace, an san ranar da ta fita, an san waɗanda suka karɓe ta, kuma akwai wanda aka tuhuma ya amsa. CrowdStrike ya janye fayil ɗin cikin minti 78, ya bayyana sunansa don a goge shi da hannu, daga baya ya yi alkawarin fitar da irin wannan sabuntawa kashi-kashi. Debian ya fitar da gyara tare da kayan gano raunanan makullai. Amintaccen wuri, a fahimtata, shi ne wanda in ya yi kuskure ana iya sanin wa ya shafa, gyaran kuma ya bi hanyar da kuskuren ya bi ya iso. Fayil ɗin da aka kwafa daga kwamfutar wani ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Ko an gano aibinsa a wani wuri, labarin ba zai zo maka ba.

Wasu za su ce ai Flatpak da Snap da AppImage sun kashe wannan muhawara, tunda suna ƙunshe manhaja tare da tubalanta. Sun rage matsalar sosai, kuma ga wanda ke son sabuwar siga ba tare da ya girgiza tsarinsa ba, su ne hanyar da ta fi hankali. Sai dai ba su kawar da zato ba, sun matsar da shi ne. AppImage da yawa sun daina buɗewa a Ubuntu 22.04 saboda sun ɗauka tubalin libfuse2 na nan, alhali an daina saka shi tun farko. Kuma tambayar wa ya ƙunsa tana nan daram. A Mayun 2018 an samu manhajoji a shagon Snap da ke haƙar kuɗin intanet a ɓoye da na'urar mai amfani. A Yulin shekarar wani ya karɓi ƙunshin acroread da aka yasar a AUR, rumbun masu amfani da Arch Linux, ya cusa masa mugun rubutu. Ko babu mugunta ma, a Fabrairun 2025 masu OBS Studio sun yi takaddama da Fedora a fili, domin wani ƙunshin Flatpak da Fedora ta gina da sunansu yana ba mutane matsala, mutanen kuma suna kai kukansu ga OBS suna zaton nasu ne; daga baya suka daidaita. Darasin aiki a nan shi ne suna ɗaya na iya ɗauke da gini uku ko huɗu daga hannuwa daban-daban. Flathub, rumbun Flatpak, na saka alamar tantancewa a kan abin da marubutan asali suka ɗora da kansu, kuma umarnin apt policy na nuna rumbun da ƙunshi ya fito. Rahoton aibi da bai ambaci siga da tushe ba, da wuya a iya yin komai da shi.

Saura ƙorafi na uku, wanda ya fi kusa da mai karatu a Kano ko Maraɗi, kuma bai kamata a amsa shi da wa'azi ba. Data na da tsada, layi na yankewa a tsakiyar saukewa, lasisin Office ko Photoshop ana biyansa da dala. Ɗalibin da ya je kasuwar waya ta Farm Centre aka loda masa manhajoji da 'yan kuɗi kaɗan ba wauta ya yi ba, lissafin aljihunsa ya yi. Abin da nake cewa kawai shi ne lissafin bai cika ba. Manhajar da aka fasa, an sauya cikinta ne don ta tsallake binciken lasisi, wanda ke faruwa daidai lokacin buɗewa. Don haka duk ranar da Windows ta sabunta, ko mai kashe bairos ya kama fayil ɗin da aka sauya ya killace shi, faɗuwar a bakin ƙofa take aukuwa. Shawarar da ake bayarwa a kan haka, wai a kashe kariyar kwamfuta a daina sabuntawa, ita ce garin neman gira a rasa ido. GBWhatsApp ma haka: kamfanin WhatsApp ya bayyana cewa ba ya goyon bayansa kuma yana dakatar da layukan masu amfani da shi, sannan duk lokacin da ya daina buɗewa sai an koma neman sabon fayil daga hannun da ba a san ko na wane ne ba, a wayar da ke ɗauke da manhajar banki. Ga ayyuka da yawa akwai madadin da ba ya buƙatar fasawa, irin LibreOffice da GIMP da Inkscape da VLC. Ba su yi daidai da na kuɗin a komai ba, wanda sana'arsa ta dogara da wata manhaja takamaimai zai ji bambancin, amma mai rubuta wasiƙa da lissafin shago ba zai rasa komai ba.

Batun data kuwa, abin da ba a cika sani ba shi ne kwafa daga hannu zuwa hannu ba shi ne aibin ba. Ana iya ɗaukar fayil a filashi daga Kano zuwa Damagaram bai sauya ko ɗigo ba, muddin akwai hanyar tabbatar da hakan. Mai gyara da ya sauke cikakken fayil ɗin ɗorawa daga wurin masu shi sau ɗaya, ya gwada lambar tantancewarsa ta SHA-256 da wadda suka wallafa, ya rubuta siga da ranar saukewa a jikin sunan fayil ɗin, zai iya ɗora wa mutum ɗari da shi cikin natsuwa. A Windows ma, bayanan fayil na nuna sunan kamfanin da ya buga masa hatimi da ko hatimin na nan lafiya, dubawar ba ta cin minti ɗaya. A Linux abin ya fi sauƙi, domin apt ba ya tambayar wa ya ɗauko ƙunshi ko ta wace hanya ya biyo, hatimin rumbun kawai yake dubawa, in bai dace ba ya ƙi. Shi ya sa ake da madubin rumbunan Debian da Ubuntu a jami'o'i da kamfanonin sadarwa a ƙasashe da yawa ba tare da an ji tsoron su sauya komai ba. Makaranta ko shagon kafe da ke da kwamfuta arba'in ba ta ma buƙatar cikakken madubi. Ƙaramar manhaja irin apt-cacher-ng a kan tsohuwar kwamfuta guda tana ajiye duk ƙunshin da na farko ya sauke, sauran talatin da tara su ɗauka daga cikin gida ba tare da an sake kashe data ba, kuma kowacce a cikinsu za ta duba hatimin da kanta kafin ta ɗora.